An Raba Mu da Sunan Inna

Yaya Sa'adu,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya zaman Fatakwal, ya jikin maiɗakinka? Mu nan Ƙanƙara lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Mutumin nan na garin Sabuwa mai sarin yajinmu, ashe ya yi wa "Yajin Inna" rajista a matsayin nasa. Lauyansa ya ce mu cire sunan daga robobinmu. Na ɗauko mai unguwa ya shaida mahaifiyarmu ce ta fara daka shi, aka ce shaidar baki ba ta aiki, sai takardar gwamnati.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida yara. Ga yaji na daka, ban san sunan da zan sa masa ba. Innar nan uwarmu ce fa, Yaya.

Ƙanwarka,
Binta