Alewar Ƙarƙashin Filo

Daren Laraba, Sharaɗa

Na gaji, har ƙashina ciwo yake. Kwana biyu Ummi ba ta bar mu mun runtsa ba saboda ciwon haƙori. Yau dai na nemi izini a kamfanin alewar da nake aiki na kai ta asibiti. Likita ta haska bakinta, turame biyu na hagu duk sun yi rami. Ta tambaye ni, "'Yar taki da zaƙi take kwana a baki?" Na ce a'a. Sai Ummi ta ce, "Akwai wadda Mama take sa min a ƙarƙashin filo." Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Duk ranar da nake aikin yamma, sai ta yi barci nake dawowa. Shi ne nake ajiye mata alewa ɗaya cikin fasassun da ake ba mu a kamfani, don ta gani da safe. Ashe cikin dare take lalubowa, ta cusa a kumatu, ta koma barci. Inna, kakarta, tana ta cewa ai ba ta yi famfara ba, za su zube wasu su fito. Likita kuwa ta ce masu fitowar ma za su iya taɓuwa, a goge mata baki kafin kwanciya, daga nan sai ruwa kawai.

Ɗazu na goge mata, na ce an daina alewa. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni da kumburarren kunci ta ce, "To Mama, ta yaya zan san kin dawo?"

Gobe aikin yamma gare ni.