Hoton Baba, Leɓen Inna

Zuwa ga Innata, Hasiya ta Gummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiyarta, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Ni ce Luba, babbarki. Daga Sakkwato nake rubuto miki, kuma ki yi haƙuri, Inna, yau ba da sanyin rai na ɗauki alƙalami ba.

Kin tuna shekarar da Baba ya zo nan Sakkwato aka cire masa haƙori, ina ajin ƙarshe na firamare? Ya koma gida da hoton muƙamuƙinsa a cikin ambulan, wani baƙin abu mai santsi. Duk baƙon da ya zo zaure sai ya ɗaga masa shi a rana, yana nuna ƙashinsa kamar tsarabar Makka.

Da damina ta faɗi, naki haƙorin ya tashi, na can ƙarshe a ƙasa, ɓangaren hagu, irin nasa sak. Kuncinki ya kumbura har idonki ya ƙanƙance. Kika roƙi a kai ki inda aka kai shi. Ya ce hanya ta lalace, ga noma, kuma matar aure ba ta hawa akori-kura ta kwana garin wasu saboda haƙori. Sai ya aika aka kira mai kemis ɗin nan na Anka, mai zagaya kasuwanni da jakar ƙarafa, wanda ya taɓa wanke kayan aiki a asibiti ya fito yana kiran kansa likita.

Shi kansa mutumin sai da ya ce irin wannan haƙori sai da hoto. Ina tsaye, da kunnena na ji amsar Baba: "Ga hoto nan. Ɗiyar ƙanen ubana ta, jininmu guda na, ƙashinmu guda na." Ya miƙa masa ambulan. Shi kuma, da yake Allah ya haɗa su, ya ɗaga hoton ƙashin namiji a rana, ya gyaɗa kai, ya shigo ɗakinki.

Haƙori ya fita. Allurar kashe zafi da ya yi miki ta sake ki ko'ina ban da leɓen ƙasa da haɓa ta hagu. Aka ce zuwa gobe, aka ce bayan kumburi ya saɓe. Har kika koma ga Allah wurin nan bai farka ba.

Ni nake miƙo miki kunu, ni nake ganin yana gangarowa ta gefen bakinki har wuyan riga ba ki sani ba. Kin ciji leɓenki kina cin tuwo, sai da jini ya ɗiga a kwano kika gane. Ke da mata ke rububin zama kusa da ke a gidan biki saboda barkwancinki, kika koma cin abinci a bayan ƙofa, bakin gyale a baki. Maƙwabta suka ce iska ce ta shafe ki, aka yi ta turare da rubutu. Baba kuwa, ko a gaban baƙi, sai ya ce, "Share bakinki, kina zubda miyau awa jinjiri." Ke kuma ki share, ki dube ni ki ce, "Bari, Luba, ƙaddara ta."

Ƙaddara mun yarda da ita, Inna, amma wannan da ganganci a ciki! A makarantar aikin haƙori da nake yanzu na gane. Malamarmu ta jera hotuna biyu a jikin gilashi mai fitila, na namiji da na mace. Ta nuna mana wata siririyar hanya a cikin ƙashin muƙamuƙi, ƙarƙashin saiwoyin haƙora. Ta ce nan jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji take bi, kuma a bakin mata sau da yawa ta fi matsowa kusa da saiwa. Ta ƙara da cewa ko tagwaye ne, kowa da tasa hanyar. Na fita daga ajin na jingina da bango ina kukan takaici. Shekara da shekaru ana yi miki kallon ƙazama, alhali jijiya aka tsinke miki da hoton wani.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na je hutu Gummi na iske Kulu, autarki, ta ɗaure fuska da kallabi, kunci a kumbure. Kuma wallahi tallahi, Inna, ambulan ɗin nan na gani a hannun Baba, ya yi ja don tsufa, har ya riga ya aika Anka. Wai ai ɗiyarsa ce, ita kam ƙashinsa ne ba tantama. Haba! Mutum ya zauna da ke duk shekarun nan yana kallon bakinki, bai taɓa tambayar kansa me ya faru ba?

Kin san tarbiyyar da kika yi mana, ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ranar na ɗaga. Na ce masa leɓe guda da aka kashe ya ishi gidan nan. Ya ce boko ya buɗe mini ido, in na fita da ita kada in ƙara taka zaurensa. Na ɗauko mayafinta na yafa mata, muka bi ta gabansa muka nufi tasha. Muka shiga mota sai Sakkwato.

A asibiti an ɗauki hotonta, nata na kanta. Likita ya kira ni na duba, ga jijiyar nan manne da saiwa. Ya ce da an kama an murɗa da ƙarfi, da shi ke nan. Sai ya tsaga haƙorin ya fitar da shi guntu-guntu a hankali. Duk da haka ya ce ba zai yi mana alkawari ba sai allura ta sake ta.

Muka zauna a benci muna jira. Kulu tana shafa haɓarta tana dubana, ni ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da la'asar na kasa daurewa, na kai hannu na mintsini leɓenta. Ta buge hannuna, baki cike da auduga, ta ce, "Wayyo! Yaya, ke mahaukaciya ta?" Inna, tunda nake ba a taɓa zagina na ji daɗi haka ba. Na rungume ta, ita tana tsaki, ni ina dariya da hawaye.

Har yau Baba bai aiko ba. Ban sani ba ko zai bar ni in shiga gida da Sallah. In bai bari ba, na yarda da cinikin.

Innata, da ma a lokacin na kai girman da zan yafa miki naki mayafin in kama hannunki. Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa haƙurin da kika yi ya zama nauyi a mizaninki. Ni kuma ya sanyaya mini zuciya game da Baba, don har yanzu ban huce ba.

Ɗiyarki mai kewarki,
Luba