Fitilu Takwas a Busasshen Tafki

Ƙofar Sauri, Katsina
9 ga Janairu, 2024

Zuwa ga Kabiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka.

Yau shekara uku ke nan da ka sa aka cike rijiyar mahaifina da ke lambunmu na hanyar Batagarawa. Ba ka tambaye ni ba. A bakin mai rake na ji. Rijiyar da ta yi shekara sittin ba ta ƙafe ba, ka zuba mata tifa biyu ta ɓaraguzai, don zanen gidanka ya ce nan tafkin ninƙaya zai zauna. Na yi shiru, tunda lambun na riga na ba ka.

Yanzu yayarka Suwaiba ta zo da saƙo wai in zaɓa maka fitilun da za a sa cikin ruwan. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da aikin lantarki, tun da na yi ritaya ba wanda ya tambaye ni ko yadda ake canza ƙwan fitila. Na yi niyyar ƙi. Sai na je na ga abin da ɗan kwangilarka ya tanada: wayar wutar gida zai ja kai tsaye zuwa cikin ruwan da jikata za ta shiga. Na tambaye shi inda ya koyi aiki, ya ce, "Baba, haka ake yi yanzu." Na ce mashi haka ake mutuwa tun da can.

Ga abin da na yanke. Fitilun LED, masu ƙarfin wuta bolt sha biyu, rufaffu ruf, shida a babban tafki, biyu a ƙaramin kwamin ruwan ɗumin nan da ka ce na gasa jiki ne. Taransifomarsu ta zauna can ɗakin injin, nesa da jiƙa. Launi kuwa fari mai ɗan rawaya, irin hasken fitilar ƙwai, don a riƙa ganin ƙasan ruwa sosai idan yaro ya nutse.

Abu ɗaya za ka riƙe: ba a kunna irin waɗannan fitilu a bushe. Ruwan ne ke sanyaya su. In babu ruwa, zafin kansu ke cinye su.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da ba wanda ya yi. Ina ruwan zai fito?

Ka gaida amaryata.

Mahaifinka,
Sammani

*

Fatakwal
21 ga Janairu, 2024

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Yaya Suwaiba ta ɗauki hoton takardarka ta turo min. Da ka yarda na saya maka babbar waya da mun hutar da ita.

Maganar rijiya, Baba, ka yi haƙuri, abin ya riga ya wuce. Bohol za a haƙa, ya fi ta tsafta. Na gaya wa ɗan kwangila ya bi duk abin da ka ce.

Sai dai launi. Na karanta wa amaryar taka Ummi wasiƙar, ta ce ita ba ta son fitilar tsofaffi. Mai canza launi take so, ja da shuɗi da kore, irin wadda ta gani a otal. Ta ce in gaya wa angonta in bai sa mata ba ta fasa auren. Shekara bakwai, amma bakinta na mai sunanta ne, Allah Ya jiƙan Inna.

In an gama komai, da Babbar Sallah za mu zo gaba ɗaya, mu yi wata guda.

Ka huta lafiya.
Ɗanka,
Kabiru

*

Ƙofar Sauri, Katsina
27 ga Afrilu, 2024

Kabiru,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sai zafi.

Ka gaya wa amaryata Halimatus Sa'adiyya aure yana nan. Na sa mata masu canza launin, duk da ban fasa ra'ayina ba. Ni na ɗaure kowace waya da hannuna, na bi bakin kowace fitila da yatsa in ji ko akwai inda ruwa zai kurɗa. Yaran ɗan kwangila suna tsaye suna dariyar tsoho a cikin rami. Ɗaya ya ce, "Malam, sai ka ce kai za ka yi iyon." Na ce mashi ni da iyo tun kududdufin bayan ganuwa, kafin a yi wa ubanshi kaciya.

Masu bohol sun zo sau biyu. Na farko sun yi kwana biyu suna huda kusa da ƙofa, garin dutse kawai ya fito. Na biyu a bayan gida, haka nan. Shugabansu ya zo da wata na'ura yana yawo da ita cikin fili, daga ƙarshe ya tsaya tsakiyar tafkin, bisa tayil ɗinka masu ruwan bula, ya ce nan ne ruwa yake. Kakanka bai da na'ura, da sanda da ido ya gano wurin.

Ɗan kwangila ya ce a sayo ruwa a tanka. Na lissafa, sai an yi sawu kusan goma. Layin da tankar za ta bi, mata da yara ne jere da jarkoki tun asuba. Ban iya ba. In kai za ka iya, ka zo ka tsaya a ƙofar da kanka.

Kullum bayan la'asar nakan hau a-daidaita in je. Sani maigadi ya buɗe mani, in sauka matakala in share ganyen darbejiya da iska ta zubo, in goge gilasan fitilun, in zauna. Ramin yana maido da murya. Ran nan na yi tari, sai na ji kamar wani ya amsa.

Ga shawara. Ku zo haka nan. Ɗakin mahaifiyarka yana nan a share. Yarinya ta yi wanka da bokiti, kamar yadda ka yi har ka girma, ban ga ya rage ka da komai ba. Na riga na sayi rago, yana ɗaure a tsakar gida.

Sammani

*

Fatakwal
2 ga Yuni, 2024

Baba,

Barka da war haka, Allah Ya sa ka wuni lafiya. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, aiki ne ya yi yawa.

Gaskiya maganar zuwa ta ɗan samu tangarɗa. Mamansu ta ce zafin Katsina ba ruwa yara ba za su iya ba, kuma 'yan'uwanta suna kiranmu Abuja. Amma ban yanke ba tukuna. Ummi ce ke da ta cewa a gidan nan, in ta kafe sai Katsina, to Katsina za a zo. Matsalar ita ce ta ce ƙarya nake, babu wasu fitilu.

Ka sa Sani ya kira mu ta bidiyo gobe bayan magariba, a kunna mata ta gani da idonta. Minti biyu kawai, ba abin da zai faru.

Ɗanka,
Kabiru

*

Ƙofar Sauri, Katsina
4 ga Yuni, 2024

Kabiru,

Assalamu alaikum.

Kai ka miƙa mata waya ka fita, don haka bari in gaya maka abin da ba ka gani ba.

Na yi magariba a can, bisa tabarmar Sani. Simintin ramin ya sha rana wuni guda, ko da na taɓa bango kamar tanda. Na san abin da hakan ke nufi. Na ce minti biyu, na duba agogona, na kunna.

Kabiru, aikin ya yi kyau. Ramin nan duka ya koma shuɗi, har fuskar Sani. Sai na ji ta ta ƙwala ihu, "Kaka! Ashe da gaske ne! Sa ja!" Na sa ja. "Sa kore!" Na sa. Ta ce in shiga ciki ta ga yadda zan koma. Na sauka da sandata na tsaya tsakiya, ta ce na yi kama da ƙadangare, wai ita ba za ta auri koren tsoho ba. Na ce ai sadaki ya riga ya shiga hannu. Ta yi dariya har da shaƙewa.

Daga nan ta shiga ba ni labari. Haƙorinta da ya fita, da wata Nafisa da ta ɗauke mata fensir, da kyanwar maƙwabta. Ta tambaye ni ko mai sunanta ta iya iyo. Tun da aka haife ta ba ta taɓa yi mani magana ta wuce "ina wuni, lafiya lau" ba.

Wajen minti goma sha biyar na ji ƙaurin roba. Sani ma ya ji, ya ce, "Malam, in kashe?" Makunnin yana nan kusa da hannunshi. Na ce ya bari.

Ta kwamin ruwan ɗumi ce ta fara mutuwa, sai 'yar'uwarta. Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina matsawa wajen wadda ta rage don ta ci gaba da ganina. Minti arba'in da uku. Da ta ƙarshe ta ɗauke, ta ce, "Kaka, ya ƙare?" Na ce ya ƙare. Ta ce, "To sai an jima," ta ajiye.

Kada ka ɗora wa Sani ko ɗan kwangila. Ni na rubuta maka dokar, ni na karya ta, ina sane.

Me ta ce game da zuwan?

Mahaifinka

*

Abuja
15 ga Yuni, 2024

Baba,

Barka da shan ruwan Arfa. Kada fitilu su dame ka, za a sayo wasu. Ummi ta ce tunda sun mutu sai an gyara. Mun iso Abuja jiya. In Allah Ya yarda sai Disamba.

A yi Sallah lafiya.
Kabiru

*

Ƙofar Sauri, Katsina
19 ga Yuni, 2024

Kabiru,

Barkanku da Sallah.

Kada ka aiko da wasu. Na mayar wa Sani makullin ɗakin injin.

Na yanka ragon. Cinyar da na ware wa amarya na ba Sani ya kai wa 'ya'yanshi.

Fitilu takwas sun ƙone. Rijiya tana ƙarƙashin tayil. Ba ku zo ba.

Sammani