Sha Biyun Da Ba Na Kwalba Ba

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya ciwon gwiwar nan? Allah Ya sa kaffara ne, Ya kawo sauƙi mai ɗorewa. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ƙanwarki uwar yara tana gaishe ki ƙwarai. Ƙaramar tamu ta fara tafiya, yanzu babu abin da ke tsira a tsakar gida, jiya ma a cikin randa aka tsinci takalmina. Aikin katako kuma alhamdu lillahi, ana ta kawo ƙofofi da gadaje. In kin ga rubutun ya karkace ki yi mini uzuri, hannuna na hagu yana rataye a wuya, babu mai danne mini takardar.

Yaya, maganar ɗanki na wurina ce ta sa na zauna rubutu, kuma wallahi da da yadda zan kauce mata da na kauce. Kin tuna a takardata ta baya na shaida miki cewa yaron nan ya faɗa shaye-shaye. Kin amsa mini cikin tashin hankali, kika ce in turo shi wurinki ya bar abokan banza. To ki goge wannan magana daga zuciyarki, ki roƙi maigidanki ma ya goge. Yaron nan bai taɓa kai komai bakinsa ba. Ni ne na ji magana da kunnen tsufa, na fassara ta da zuciyar tsoro, na ɗora masa abin da bai ji ba bai gani ba.

Ga yadda aka yi. Kin san tun da ya samu babur ɗin nan hankalinsa ya koma wani tsohon fili a bayan kasuwa, inda a da ake ajiye manyan motoci. Can samari ke taruwa da yamma suna wasa da babura. Ban taɓa son abin ba, amma ina kau da kai, tunda da safe yana bakin aikinsa a shago kuma hannunsa ya faɗa da fiƙe katako. Wata rana ina cikin shago ina haɗa ƙafar tebur, sai na ji abokansa biyu a bakin ƙofa suna jiransa suna hira. Ɗaya yana cewa ai ɗan kafinta ya wuce sa'a, kullum sai ya yi sha biyu kafin ya bar fili, kuma ko tangaɗi ba ya yi. Ɗayan ya ce shi da ya gwada sau ɗaya sai ɗaukarsa aka yi. Yaya, guduma ta faɗi daga hannuna. Ni abin da na ji shi ne ɗana yana shan kwalba biyu na abin nan da ke lalata yaran mutane, har jikinsa ya saba.

Da ya iso ban ja shi gefe ba, ban jira mun je gida ba. Nan bakin shago na tare shi, gaban yaran aikina da mai shayi da masu ɗinkin da ke kusa da mu. Na tambaye shi ko gaskiya ne yana sha biyu. Fuskarsa ta washe, har da ɗan murmushi, ya ce e, ya iya, bai daɗe da ƙwarewa ba. Wannan murmushin ne ya ƙarasa ni. Na ɗauke shi da mari, abin da rabona da yi tun yana ɗan firamare. Ya buɗe baki zai yi bayani na ce in ya ƙara kalma ɗaya sai na saɓa masa. Na kira shi ɗan maye da ƙarfi, duk layin ya ji. Na karɓe makullin babur ɗinsa, na tura babur ɗin cikin shago bayan tulin katako. Daga ranar nan, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Zai durƙusa ya gaishe ni, ya yi aikin da na sa shi, ya tashi ya shige ɗaki.

Bayan na aiko miki da waccan takarda, zuciya ta ci gaba da ci na, na ce sai na je na ga mai sayar musu da wannan guba. Na nufi filin da yamma ina huci. Babbansu wani bakanike ne da suke kira Dogo, mutum mai sanyin magana, da baƙin mai har gwiwar hannu. Na tsare shi na ce ya nuna mini inda suke ɓoye kwalaben sha biyun. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya kira wani matashi ya yi masa magana a kunne. Matashin ya hau babur, ya taho a hankali, ya ɗaga tayar gaba sama, ya yi ta ɗagawa har babur ya miƙe tsaye cak, lambarsa ta baya tana gogar ƙasa. Dogo ya nuna mini agogon hannuna, ya ce in duba inda tsinke ke tsayawa da ƙarfe goma sha biyu. Ya ce wannan tsayuwar ita suke kira sha biyu, kuma duk filin babu mai yin ta da tsabta kamar ɗana. Ya ƙara da cewa wanda ya sha ko da rabin kwalba ne ba ya barin sa ya taɓa babur a wurin. Yaya, na so ƙasa ta tsage in shige. Samarin nan ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Na san abin da za ki ce, sai in koma gida in kira shi in ba shi haƙuri. Haka ya kamata, kuma na yi niyya. Na tsaya a ƙofar ɗakinsa ba sau ɗaya ba, sai in ɓige da tambayarsa ina ya ajiye zarto. Kin san halina, ke kika raine ni, girman kai ne da ni kamar na zakara a kan juji. Sai shaiɗan ya kawo mini wata dabara. Na ce tunda rashin sanin yarensu ne ya jefa ni a rami, bari in koyi yaren, in ya so wata rana in jefa masa kalma ɗaya muna aiki, ya yi dariya, magana ta buɗe ba tare da na sunkuyar da kai ba. Na koma wurin Dogo na ce ya koya mini, amma da sassafe, lokacin da babu kowa a filin.

Ya so ya tsaya a baki kawai. Ya ce ɗaga tayar gaba shi ne ɗaga kai, in kuma aka damƙe birkin gaba tayar baya ta tashi, wannan ɗaga wutsiya ne. Akwai wani wuri a sama da babur ke daina nauyi, ba ya son komawa gaba ba ya son faɗawa baya, shi suke kira mizani, kuma duk wahalar da suke sha neman wurin nan suke. Wanda ya zarce mizani ya faɗi ta baya, sun ce ya yi rigingine. Abin da ya fi nanata mini shi ne gadi, wato ƙafar dama ta zauna a kan birkin baya ba tare da ta taka ba, tana jira, da kai ya wuce misali a ɗan taɓa sai ya sauko. Na ce duk na ji, amma ni kafinta ne, ba na yarda da abin da hannuna bai taɓa ba. Na tuna masa na fi shekarunsa ina jigilar katako a kan babur. Ya ce Baba, waccan tafiya daban, wannan daban, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ce masa sana'ata ke nan sarrafa busasshe. Haka na matsa masa har ya ba ni wani tsohon babur nasa da hular kwano.

Ba zan ɓoye miki ba, abin ya shiga raina. A giya ta ɗaya ake yi, a riƙe kuloci, a ba shi wuta kaɗan, a saki. Kwanakin farko babur ɗin tsalle kawai yake kamar ɗan akuya, ni kuma ina zubar da ƙafafu ƙasa, Dogo yana cewa ƙafa a ƙasa ba ta taka birki. Ranar da taya ta tashi kamar taki ɗaya ta ɗan jima a sama, wani daɗi ya ratsa ni tun daga ciki har ƙeya, na ji kaina ina ihu ni kaɗai da furfurata. A nan na gane murmushin da yaron ya yi mini ranar da na mare shi. Abin alfaharinsa ne ya ɗauka ubansa ya ji labari.

Ranar da abin ya faru na ƙara wuta fiye da kullum, don na fara jin ni ma wani ne. Kai ya tashi, ya ci gaba da tashi, na daina ganin ƙasa sai sama. Na ji Dogo yana ƙwala ihun gadi, gadi. Ni kuwa da ma kullum a tsorace nake kada wani ya gan ni, sai na ɗauka cewa yake maigadin wurin ya taho. Maimakon in taka birki sai na waiga ina neman maigadi. Hannuna ya ƙara murɗa totur, babur ya fice daga ƙarƙashina ya yi gaba shi kaɗai, ni kuma na sauka a kan bayana, hannun hagu ya tare ƙasa na ji ƙas. Da na buɗe ido, fuskar da ke kaina ba ta Dogo ba ce. Ɗanki ne. Ashe ya zo yi wa Dogo sallama, tunda na riga na gaya masa zai koma wurinki. Yana tsaye a bakin fili ya ga komai, tun daga hawana har rigingine.

Bai tambaye ni me nake yi a wurin ba. Ya cire mini hular, ya tuɓe rigarsa ya naɗe hannun, ya ɗora ni a bayan babur ɗina na aiki ya nufi asibiti da ni. Tafiya yake a hankali, yana kauce wa kowane rami, har masu keke suna wuce mu. Na riƙe shi da hannu ɗaya. A nan, ina kallon ƙeyarsa, na faɗi abin da na kasa faɗa a gaban idonsa. Na ce na san ma'anar sha biyu, na zalunce shi, ya yafe mini don Allah. Da muka wuce shagunan masu walda, sai ya ce in riƙe shi da kyau akwai kwana a gaba. Sai da aka gama ɗaurin muka fito ya ce shi bai riƙe ni da komai ba, uba ba ya laifi a wurin ɗansa. Ya kuma roƙe ni kada in sake hawa, wai mizani ba ya son mai waige.

Na yi zaton shi ke nan an wuce wurin. Na mayar masa da makullinsa, na tara yaran shago da mai shayi da masu ɗinki na ce ƙarya na yi wa ɗana, na bayyana musu komai. Suka yi ta dariya, suka ce Allah Ya kyauta. Amma magana zarar bunu ce, Yaya. Waɗanda suka ji zagin sun fi waɗanda suka ji gyaran yawa. Yanzu in ya wuce, yaran layi Sha Biyu suke kiransa, suna kai babban yatsa baki. Wani maƙwabcinmu ya hana ɗansa tafiya da shi. Shekaranjiya wata mata ta zo karɓar kujerunta, da ta ga shi ne a shago sai ta ce za ta jira babba. Ina daga ciki ina ji, shi kuma ya ce mata to, ya kawo mata benci.

Jiya na ce masa maganar tafiya ta tashi, ya zauna a gidan ubansa. Ya sunkuyar da kai ya ce in na amince yana so ya tafi duk da haka, ba don fushi ba, yana son wurin da zai yi sallama a amsa masa ba a leƙa idonsa ba. Na san ni na rushe masa wurin zama da bakina. Na amince. Zai taso a ƙarshen watan nan in Allah Ya yarda. Abin da nake roƙonki ke nan, Yaya, ki karɓe shi a matsayin ɗanki mai hankali wanda ya zo gaishe da goggonsa. Kada ki shinshina bakinsa, kada ki sa a bincika jakarsa, kada ki bi shi da kallon tausayi. In kuma kin riga kin faɗa wa wani abin da na rubuto miki a baya, ki taimake ni ki bi shi har gida ki warware kafin yaron ya sauka. Ki ce ƙaninki ne ya yi ƙarya. Ni zan iya ɗaukar wannan sunan, shi kuwa ya ɗauki wanda ba nasa ba ya isa haka.

Ki miƙa gaisuwata ga maigidanki, Allah Ya ƙara masa girma. Ina gaida Babban Yaya da iyalinsa, da 'yan biyunki, da Auta mai karatu, da jikarki mai giɓi da ta ce na tsufa. Uwar yara ta ce a gaya miki yaron ba ya faɗa in yana jin yunwa, sai an lura. Ki sa mu a addu'a, Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Kafinta