Dariyar da Ta Raba Ni da Motar Kaguwa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin da ke tatsar jinin kaguwar teku,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Sanusi, dogon direban nan da ke zuwa daga Landover, wanda aka karɓe makullin mota daga hannunsa makon jiya saboda ya yi dariya. Na san ba ka jin Hausa. Ka nemi tafinta mai haƙuri, don da Turanci in na fusata in'ina nake yi.

Tunda buɗaɗɗiyar wasiƙa ce, ga masu karatu da ba su san aikina ba: akwai wata halitta a bakin tekun ƙasar nan, bayanta kamar ƙwaryar da aka kife, jelarta kamar tsinken tsire. Turawa suna ce mata kaguwa mai siffar takalmin doki. Na karanta a laburare cewa ba ma kaguwa ba ce, dangin kunama ce da gizo-gizo, sai dai ba ta harbi. Jininta kuwa shuɗi ne, kamar ruwan marina. Ranar da na fara gani na buga wa mahaifiyata waya a Maraɗi, ta ce ko me nake sha a Amurka in daina. Da jinin nan ake gwada allurai da ruwan da ake ƙara wa majinyata, a tabbatar ba dafin ƙwayoyin cuta a ciki. Nawa aikin, in karɓo su daga masunta in kawo wa kamfanin, in an gama in mayar da su ruwa.

Na farko, ita dariyar. Kun yi baƙi, manajanku ya kai su inda ake tanƙwara kaguwa, a ɗaure ta da roba, a soka mata allura daidai zuciya, jini na ɗiga cikin kwalba. Sai ya nuna halittun da hannu ya ce ga masu ba mu gudummawar jini. Ranka ya daɗe, na yi iya ƙoƙarina. Na ciji leɓe, na kalli rufi, na tuno ranar da aka binne kakana. Ba ta riƙu ba. Wadda aka janyo da taru daga ƙasan teku, aka kankare mata baya, ita ce mai gudummawa? To ashe ragon layya ma ɗan sa-kai ne. Har yanzu da nake rubutun nan sai na ajiye biro na share hawaye.

Na biyu, ni ɗan wanzami ne, jini ba baƙona ba ne. Mahaifina yana yi wa mutane ƙaho. Bai taɓa tsaga bayan mutum a rana ba, bai taɓa kafa wa mai ciki ƙaho ba, in ya gama kuma ba ka tashi sai ka huta a inuwa ka sha kunu. Da aka dakatar da ni na samu lokaci, sai na tafi Springfield na ba da nawa jinin, in ga yadda Amurka ke yi wa mai gudummawa na gaske. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Jos, Anti Rifkatu, ta yi mini tambayoyi kamar zan auri 'yarta, ta nemi yardata, ta ba ni lemo da biskit. Na miƙe da izza in nuna mata ni namiji ne, sai farkawa na yi na ganta tana yi mini fifita da kwali tana cewa duk tsayin nan na banza ne. Ta hana ni tuƙi, ta ce kada ta sake ganin ƙeyata sai jinina ya dawo. Ni ke nan, mai baki da ƙafafu biyu na gudu.

Na uku, a nan ba na wasa. Na'urar sanyin motarku ta mutu tun farkon zafin bana. Na faɗa har na gaji. Halittar ruwa ce ake kwashe wa jini, sannan a jibge ta cikin akwatin ƙarfe mai zafi kamar tanderu, a yi doguwar tafiya da ita. In na buɗe ƙofa a bakin ruwa, wasu ba sa motsi, wari ya riga ya faɗa mini. Wasu in na ajiye su igiyar ruwa ta birkice su, sai su yi ta wutsil-wutsil da ƙafafu ba ƙarfin juyawa, ni ke bi ina kife su da hannu. Na kuma karanta cewa matan da aka tatsa sukan yi sanyin jiki, ba duka ke fitowa saka ƙwai ba, alhali akwai tsuntsaye masu doguwar hijira da ƙwan nan ne guzurinsu. Yau ma abokin aikina Idi yana kan hanya da motar, a yadda na bar ta.

Ban ce aikinku banza ba ne. 'Yar ƙanwata ta sha allurar rigakafi lafiya, kuma na san da hannun kaguwa a ciki. Shi ya sa ma abin ke ci mini rai.

Roƙona: a gyara na'urar kafin a sake loda ko guda. A gaggauta mayar da su ruwa, a daina tatsar masu rauni. Madadin jinin nan da na ji an haɗa a ɗakin gwaji, ku yi amfani da shi duk inda ya yiwu. Manaja ya aiko mini cewa in na ba da haƙuri zan karɓi makullina. Ina son aikina, da shi nake ci, da shi mutanen gida ke ci. Zan ba da haƙurin, a gaban baƙin ma in ana so, ranar da na sa hannu cikin motar nan na ji sanyi. Kafin nan ya riƙe makullin.

Allah ya ƙara maka lafiya da tausayi, ya yi wa kasuwarka albarka ta hanyar da ba a zalunci mara baki ba.

Wassalam.

Sanusi ɗan wanzami,
Landover.