Rabon Littattafai Uku na Gidan Ferlini

Ni Ippolito Ferlini, mai goge a birnin Bolonya na Italiya, gagarabadan da duniya ba ta kai ga jin labarinsa ba, na rubuta wa 'ya'yana wannan wasiyya a shekara ta 1741 cikin cikakken hankalina, ko da yake mahaifiyarku Orsola na da ja a kan hakan. Shekaruna ashirin da tara. Likita ya saurari ƙirjina ya ce ba zan ga nunar inabi ba. Na yarda da kunnensa, ya fi na mawaƙan cocinmu.

Na ɗaya. Daular da na bari ita ce sonata guda, kiɗan goge biyu da babban goge mai riƙe musu gindi. Kowane goge da littafinsa daban, kuma ban bar kwafin da ya haɗa su ba. Wanda ya riƙe ɗaya shi kaɗai, takarda kawai ya riƙe.

Na biyu. Cornelia, 'yar fari, naki ne littafi mai jan bango. Taddeo, naka ne kore. Na kankare inda aka rubuta goge na farko da na biyu, domin na gaji da jin "ni ce babba" da "ai ke kukan mage kike yi" tun kafin a sauke miya. A cikin kiɗan, kowannenku zai hau sama, kowannenku zai sauko.

Na uku. Littafin babban goge na baffanku Anselmo ne. Shekara huɗu ba ma magana. Ya ce sashen kiɗana mai tafiyar hawainiya ya dace da jana'izar jaki, ni kuwa na zura masa kifi cikin gogensa ana saura kwana uku bikin coci. Ku shaida masa na amsa laifin kifin. Batun jaki kuwa, na sake saurare, yana da 'yar gaskiya.

Na huɗu. Orsola, hular gashina a ba wa ɓeraye, sun riga sun fara gado. Kada ki sayar da gogunan yara ko da tukunya ta yi sanyi. Anselmo na da ɗakuna biyu da babu kowa, da gurbin koyon sana'a a hannunsa, da girman kan da ba zai bar shi ya yi tayi ba.

Saboda haka, bayan an binne ni, ku yara ku je ƙofarsa. Ba zai buɗe ba. Kada ku roƙe shi, kada ku yi kuka. Ku tura littafinsa ta ƙarƙashin ƙofa, ku tsaya a titi ku fara kiɗa ku biyu. Na san yayana: bai taɓa iya jin goge biyu suna yawo babu gindi ya zauna lafiya ba. Idan ya fito yana faɗa cewa kuna sauri, ku shige ciki.

Ubangiji ya yi muku albarka, ya daidaita kunnuwanku. Kada ku yarda littattafan nan uku su kwana a gidaje daban-daban.