Gero Ya Samu Masu Girbi

Buwai,

Na wuce makaranta, yau ni ce da taron safe. Na ga ka zazzage akwatinka, ka jingine magirbi a bakin ƙofa.

Jiya da ka ce ba za ka tafi babbar sakandare ba sai an girbe gero, tunda ciwon baya ya kwantar da Babanka, na ɗaga maka murya. Ban kyauta ba, ka yi haƙuri. Tun da asuba na biya gidan Fasto Yaro. Matasan coci za su yi mana gayya ranar Asabar, mutum tara.

Saura tsoron barin gida, don na san yana nan. Ni ma ranar da na tafi aji huɗu na sakandare, tun daga Shanono nake kuka har Bichi. Ubangijin da ya riƙe ka shekara ukun nan a ƙaramar sakandare ba a ƙauyenmu kaɗai yake zaune ba, ya riga ka isa can.

Motar Dabo za ta tashi ƙarfe sha ɗaya. Ka mayar da kayanka, ka yi addu'a, ka same ni a tasha. Magirbin kuwa na tafi da shi.

Mamanka